Makulli a Cikin Siminti

Litinin, 9 ga Yuni

Ni ne Babban Likitan Ƙashi na Jibiya da kewaye, har Maraɗi an san da zamana. Ba na duba hoto, sama nake dubawa. Da bazara mangwaro ke jefo mana yara, hannu a karye, baki duk zaƙi. Da kaka 'yan dambe. Yanzu damina ta kama, lokacin 'yan mashin ne masu bin daji da jarkokin fetur don kauce wa duwan, wato 'yan kwastan, sai waɗanda katangar ƙasa ta jiƙe ta kwanta a kansu.

A gadon bakin taga akwai wani Ɗanladi. Laka ta kayar da shi daga kan mashin bayan Mazanya, an sa masa siminti har cinya. Ba ya jin magana. Ina sonsa duk da haka.

Laraba, 11 ga Yuni

Hadari ya haɗo daga gabas kamar an kifar da tukunyar rini. Na umarci Sista Zaituna ta shimfiɗa gado biyu. Ta ce, "Ɗanladi, rufe mana baki." Ruɗewa ta yi, ta manta da likita take magana.

Kafin la'asar an kawo uku. Ɗaya gyara ne, irin na kasuwa.

Juma'a, 13 ga Yuni

Baba Ummaru na Daddara, wanda katanga ta danne wa ƙugu, ba shi da zance sai geronsa. Da ya ji yayyafi a kan kwano sai ya ce Allah ƙaro, ɗakin maza kaf su ce amin. Ni kuwa na ce Allah ƙaro mana baƙi.

"Ja'irin yaro, bari in tashi."

"Baba, ka fara tashin tukuna."

Lahadi, 22 ga Yuni

Mujahid, ƙanen Ɗanladi, ya kawo furar Inna. Yana ta wulwula makulli a yatsa. Wai ya gyara mashin ɗin, kasuwa mai zuwa shi zai ɗauki jarkokin. Yaron da ko gashin baki bai gama shawarar fitowa ba.

"Yaya, hanyar ga na san ta kamar tafin hannuna."

Haka na ce ni ma. Haka Ɗanladi ya ce, nake nufi.

Mujahid ya fita alwala, ya bar makullin kan gado. Ƙarfe akwai sanyi in yana zurarawa tsakanin fata da siminti. Na taya shi nema sosai, har ƙarƙashin filon Baba na sa ya duba.

Talata, 24 ga Yuni

Ƙaiƙayi.

Alhamis, 26 ga Yuni

Barcin rana ya ɗauke ni, na ga ɗakinmu ya zama gona. Gadaje kunya-kunya, ƙafafunmu sun yi tsiro, suna kaɗawa a iska kamar gero. Mashina na tafiya cikin gajimare ba kowa a kansu, a hankali, ba ƙara. Sista na bi tana cire ciyawa.

Ruwa ne ya tashe ni. Aka turo wani a gadon taya, jar riga irin ta Mujahid, laka ta rufe fuskar. Ban san na riƙe ƙarfen gado ba sai da Baba ya ce, "Ba naka ba ne, ɗana. Saki."

Na wani ne. Shi ma da yayansa, wataƙila.

Asabar, 5 ga Yuli

Inna ta ce ɓatan makulli ishara ce, ta hana a kira makanike. Mujahid na noma a Farfaru wurin Kawu, yana ta kumbure-kumbure. Ya kumbura. Kumburin baki ba ya buƙatar ɗori.

Laraba, 9 ga Yuli

An ɗauki hoton ƙafar. Wani ƙaramin abokin aikina, mai farar riga da tabarau, ya ɗaga shi saitin taga ya daɗe yana kallo.

"Ƙashi ya fara haɗewa. Har ya haifi makulli."

Na gaya masa na wane ne, da dalilin. Bai yi dariya ba. Ya kalli kan gadajen da damina ta cika masa, ya ce ƙarfen zai ci mini fata, ya zura wani dogon abu ya zaro shi. Sai ya jefa a aljihunsa.

"Wannan ma na ba shi gado. Sallama sai kaka."

Juma'a, 11 ga Yuli

Tun hantsi ake ruwa, mai laushi, irin wanda ƙasa ke sha ba ta ƙware ba. Sista ta leƙo tana tsokana, wai gado nawa yau, likita? Na ce ban sani ba. Baba ya ce Allah ƙaro, sai na ji amin ɗina ya riga na kowa fita.

To, a bar wasa. Babu wani babban likita. Ɗanladi ne ɗan Hajjo, na gadon bakin taga, wanda allo kaɗai ya riƙe, bokon ma a waya ya tsinta.

Kuma ba don Mujahid na yi ba. Mashin ɗin nake tausayi.