Azumi Biyu a Allon Kwamfuta

Birnin Gwari,
Jihar Kaduna.

Zuwa ga ƙanena Habibullahi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyalinka a can Legas. Allah Ya ƙara muku lafiya, Ya tsare ku. Mu nan sai godiya. Ƙafar Inna ta yi sauƙi har tana leƙa maƙwabta. Bappa ya cire masarar gonar bakin gari, ta daji kuwa bana ma ba a taka ta ba, ka san dalili. Ni ce dai gajiya ta yi mini katutu. Ungozoma biyu ne mu a ɗan asibitin nan, ni da Sabina, masu ciki kuwa sai dai a ce Allah Ya yi albarka.

Maganar manhajar da ka haɗa mana a kwamfuta ce ta sa na ɗauki alƙalami. Ba raina ƙoƙarinka nake yi ba, amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ka jera mana masu awo bisa harufa, sunan mace, sai na mijinta, ƙauye kuwa ka kai shi can ƙarshe, sai an ja allon gefe kafin a gan shi. Zaman Legas ya mantar da kai cewa matanmu na ƙauye ba sa faɗin sunan miji. Ka tambayi mace, sai ta rufe baki da hijabi tana dariya, ta ce ai maigidan ne. Manhajarka kuma ba ta yarda a bar wurin babu komai, don haka Sabina ta gaji ta riƙa rubuta Maigida. Yanzu Azumi Maigida ce a kan Azumi Maigida, kamar duk mutum ɗaya suke aure.

Ranar kasuwar da ta wuce abin ya kusa zama kuka. Akwai Azumi ta Randagi, cikinta ya tsufa, ga hawan jini, na rubuta cewa in ta zo kada a bar ta ta koma. Ta zo a bayan babur ina ɗakin haihuwa. Layi har ƙofa, Sabina ta danna sunan Azumi ta Kutemeshi, wadda lafiyarta ƙalau, ta ba ta Randagin maganin ƙarin jini ta sallame ta. Allah ne Ya fito da ni wanke hannu, na hango ƙafafu sun kumbura sun fi ƙarfin silifas, mai babur har ya tayar. Da girmana na bi su da gudu ina ihu. Da ta shiga dajin nan abin ya taso mata a hanya, wa zai kawo ta?

Ka ce mini a waya wai jerin yana da wasu hanyoyin nunawa, in danna kawai. Na danna, sunayen suka rikiɗe suka zama 'yan akwatuna iri ɗaya, Sabina ta ce in mayar kafin ta yi kuka. Wanda ya ɗaure kura shi ya san yadda zai kwance ta. Ka raba mana su ƙauye-ƙauye, sunan ƙauyen a sama. Wadda ta yarda a ɗauki hotonta, ya fito kusa da sunanta. Mai hawan jini layinta ya zama ja, harufan kuma ka ƙara musu girma, idon yayarka ba na da ba ne. Sunan miji kuwa ka ƙyale mana shi. Ka zuba gyaran a filashi ka ba Gabriel direba, don sabis ɗinmu ba abin dogaro ba ne.

Azumi ta Randagi dai tana gidanmu, a ɗakinka, a kan gadonka, kuma ba inda za ta sai ta sauka lafiya. Inna ta ce in faɗa maka, in ka zo Sallah ba ka yi gyaran ba, tabarma tana zaure.

Ka gaida Zakiyya da 'yata Muslimat. Inna, Bappa da 'yar'uwarmu Talatu suna gaishe ku. Azumi ma ta ce a gaida mai ɗaki, na faɗa mata sunanka, ta ce ita ba ta iya kama sunan mai gadon da take kwana a kai.

Taka yayarka,
Juwairiyya