Ƙullutu Biyu

Litinin, 7 ga Oktoba, 2024
Aikina kenan kullum safe a ɗakin gwaje-gwaje: in ɗaga ɓera, in shafa bayansa inda aka binne masa gam ɗin tiyata a ƙarƙashin fata, in ji ko wani abu ya tsiro. Ana son a san ko gam ɗin nan da ake manne rauni da shi maimakon ɗinki yana jawo ciwon daji. Mutanen garinmu Dabai dai cewa suke Theresa ta yi boko ta ƙare a kiwon ɓeraye. Su yi ta faɗa.
Yau na ji ƙullutu a bayan Talle, farin ɓeran nan mai guntun kunne.

Alhamis, 10 ga Oktoba
Ina wanka na ji irinsa a nonona na hagu. Yatsun nan nawa sun cika shisshigi.

Lahadi, 13 ga Oktoba
Na yi kuskuren gaya wa ƙawata Obiageli bayan an tashi daga coci. Ta ja ni shagonta na magani, ta rufe ƙofa. “Sista, gobe gobe ki tafi asibitin Sakkwato.” Ba inda za ni. Mama ta je da ƙafarta, aka yi mata aiki, kafin damina ta zagayo mun binne ta. Kowa a gidanmu ya san da zarar wuƙa ta taɓa ciwon nan, sai ya fusata ya bazu. Na san abin da littafi ya ce, ba sai an karanta mini ba. Littafin ne ya yi jinyar Mama?

Talata, 22 ga Oktoba
Kefas bai sani ba. Miji soja yana can daji, me zan ƙara masa.
Obiageli ta sake kira. Ban ɗauka ba.

Jumma'a, 25 ga Oktoba
Likitan dabbobinmu ya buɗe Talle. Ni na riƙe fitila. Ƙullutun kamar ƙwayar gujiya, a dunƙule wuri ɗaya, bai kama komai ba, ya fito salin alin. Ya ce da an bar shi har Kirsimeti, da ya yi jijiya.
Na Mama ya kai girman lemo kafin ta bari a gani. Shekara biyu tana ɗaure shi da zane. Wannan kam ba wanda yake faɗa a gidanmu. Tsoro nake ji, ƙwarai.

Lahadi, 3 ga Nuwamba
Na nemi hutun gobe. Motar Sakkwato da sassafe take tashi, Obiageli ta ce dama tana da sarin magani a can. Ƙarya take yi, na ƙyale ta. Dubawa kawai za su yi, ban ce na yarda da komai ba. In kuma ta kai ga yanka, su ɗinke ni da zare. Ɓerayena ba su gama magana a kan gam ɗin nan ba tukuna.