Bawon Kawar da Kuka Kwashe a Kan Kabarin Mahaifiyata

Zuwa ga Mai Girma Mudiri, shugaban aikin raya kawa a gaɓar tekun da ke arewa da Yanbu.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaisuwa, ina tambayar lafiyarka da ta iyali da ta ma'aikatanka.

Sunana Habu Tanko, mazaunin Harra ta Yamma a nan Madina. Ban yi makaranta ba. Ɗiyata Safiya ce ke rubuta abin da nake faɗa, na kuma hana ta sassauta ko kalma ɗaya.

Na farko. Ni ba maƙiyin aikinku ba ne. Kawa, wannan halittar ruwa mai bawo wadda ku kuke ce wa mahar, na santa tun ina yaro. A wancan lokaci tsibinta ya yi ganuwa a gaban gaɓar. Igiyar ruwa a kansa take karyewa, ta iso yashi a gajiye. Ruwan garau, ƙananan kifaye cike a ramukansa. Da tsibin ya mutu, teku ta fara cin ƙasa. An ce mini kuna zuba tsohon bawo a ruwa domin 'ya'yan kawa su sami abin maƙalewa. Wannan na fahimce shi, na kuma yaba.

Na biyu, kuma shi ne abin da ya hana ni barci. Da jirgin ruwan katako muka ƙetaro daga Sudan, mu alhazan ƙafa, aka sauke mu a wannan gaɓa. Zazzaɓi ya kama mutane, da yawa ba su tashi ba, cikinsu har da mahaifiyata, Gambo. Wurin yashi ne zalla, babu dutsen da za a kafa. Sai iyayenmu suka riƙa ɗebo bawon kawa a gefen riga suna tarawa a kan kowane kabari. Duk wanda ya zo ziyara ya ƙara cikin tafi ɗaya. Haka mahaifina ya koya mini, haka nake yi kowace shekara bayan Babbar Sallah.

Bana na je na tarar da fili fetal, sai sawun tayoyi. Ma'aikatanku sun ga tarin bawo, sun ɗauka shara ce ta masunta, suka kwashe da babbar mota. Na tsaya da bawo a hannuna, ban san inda zan zuba shi ba. Ranka ya daɗe, ka taɓa tsayawa kana yi wa uwarka addu'a kana tsoron ko a kanta kake tsaye?

Na uku. Na je ofishinku. Wani saurayi mai ladabi ya ba ni shayi, ya duba taswira, ya ce babu maƙabarta a nan. To ina taswira za ta sani? Mutanen da ke kwance a wurin ba su kai ga samun takarda ba, ko Ka'aba ba su kai ga gani ba. Na koma, aka ce bukra, wato gobe. Na sake komawa, aka ce in kawo shaida. Shaidun sun ƙare, wallahi, saura ni. Jikokinmu ina yi musu Hausa suna amsa mini da Larabci, ba su san wurin ba.

Safiya ta ce in haƙura, ai ƙasa duk ta Allah ce. Na sani. Ban haƙura ba.

Ga abin da nake roƙo.

Ba na neman a dawo da bawon. An ce tuni 'ya'yan kawa sun kama shi, a bar su su rayu. Ba na neman gini ko rubutu a kan kabari, na san bai halatta ba. Ina so motocinku su daina bi ta wurin. Ina so ka turo mutum mu je tare da shi, ƙafa da ƙafa, in nuna iyakar kaburburan gwargwadon abin da zan iya tunawa, a kewaye su. Kuma tsibin da za ku ɗora na gaba, ku ɗora shi daidai gaban wannan gaɓa, domin ruwa ya kusa isa layin farko na kaburburan.

A yi wannan da wuri. Idanuna suna tafiya, duwatsun nesa da nake auna wurin da su sun fara zame mini hazo. Idan ba a turo kowa ba, zan ɗauki tabarmata in shimfiɗa a kan hanyar motar in zauna. Direba ya zaɓi abin da zai yi.

Allah ya yi wa aikinka albarka, ya raya kawar da kuka shuka. Allah ya jiƙan iyayenka, ya ba ka tsawon rai, kuma kada ya nuna wa 'ya'yanka ranar da za su nemi kabarinka su rasa.

Wassalam.

Habu Tanko,
Harra ta Yamma, Madina.