Kalmomi Ɗari Biyu na Dakta Manasseh

Sintali, Jalingo
9 ga Agusta, 1995

Zuwa ga Yaya Roseline,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Ina fata kina lafiya, ke da maigida da yara, Allah ya ƙara muku ƙarfi a Kaduna. Mu nan kalau, masara har ta yi goyo. Sai dai ƙafafun Kaka sun sake kumbura, ko coci ba ta iya zuwa.

Dalilin wasiƙar nan shi ne ɗan Kawu, Dakta Manasseh. Ya zo daga jami'a da rikoda da jakar takardu, wai zai ceci yarenmu kada ya mutu. Mai ceton nan ko gaisuwar safe bai iya da yaren ba, 'ya'yansa kuwa sai Turanci. Kwana biyar ina zaune ina kallon aikin nasa. Takarda ce ya riƙe mai kalmomi ɗari biyu: Kaka ta faɗi kare, ta faɗi ruwa, ta faɗi haƙori, kowanne sau uku. Wai da su zai gano yaren da aka yi shekara dubu biyu da suka wuce. Mataccen yake nema, mai ran yana gabansa a kan tabarma. Ran Laraba ya tambaye ta sunan kifi, sai ta tuno waƙar da matan ƙauyenmu na bayan Lau suke yi in maza sun dawo daga kamun kifi. Yaya, ban taɓa jin ta ba. Ba ta kai rabi ba ya danna ya kashe, ya ce batir zai ƙare, a koma kalma ta tamanin da ɗaya.

Yanzu wai zai ɗauke ta zuwa taron masana a Kudu wata mai zuwa, kwana biyu a mota, cikin damina, da ƙafafun nan. Na tambaye shi me za ta yi can, ya ce minti goma aka ba shi, za ta zauna gefensa ta maimaita kalmomin in ya nuna ta da biro. Ita kuwa ta yarda, don a zatonta manya ne suka aiko a kai ta ta yi musu waƙar har ƙarshe. Har ta sa an wanke mata zanenta na zumuntar matan coci.

Na yi masa magana, ya ce wanda ya tsaya a aji shida bai san bincike ba. To, ke kika goye shi, ke yake jin kunya. Ki rubuta masa ki hana. In ya ƙi, ki zo da kanki ki faɗa wa Kaka gaskiya. Ni na shiga ɗakinta sau biyu, na tarar tana bitar waƙar, na fito.

Mama da Dokas suna gaishe ku. Ki gai da Baban Elijah da Jemima. Kaka ma tana gaishe ki, ta ce in tambaye ki ko mutanen Kudu suna da haƙurin sauraron doguwar waƙa.

Ƙanenki,
Albarka