Harafin da ya zama akwati

Habibu ɗana,

Gaisuwa daga Tamanrasat ta Aljeriya. Yaya mutanen Dogo-Dogo? Ni lafiya lau, sai dai wankau na cin hannuna.

Saƙonka ya shigo haka: "An kai Yaya Nazifa likita saboda □ari." Harafin farko ya zama akwati. Mai gyaran salula ya ce kamfanoni ba su gama daidaita tsarinsu ba, shi ya sa tsohuwar wayata ba ta gane harafi mai lanƙwasa daga sabuwar taka.

Ɗari ne, ko ƙari, ko ɓari? Ka san tana da ciki. Na yi ta kira, babu rezo, layi ba ya shiga. Da girmana na koyi karatu, ga shi harafi guda ya hana ni cin abinci.

Allah ya yi maka albarka, ka ba direban da ya kawo maka takardar nan amsa a rubuce da biro. Ka rubuta harafin da girma.

Innarka,
Hinda