Ayarin Baba a Ramin Zinariya

Daren Alhamis, Zongo

Kwana biyu da dawowata hutu daga mahaƙa, amma hankalina yana can. Da la'asar shef, wato shugabanmu na aiki, ya bugo waya. Na ɗauka maganar sallamar direbobinmu ce, tunda mun daɗe ba mu fitar da yawan dutsen da aka ɗora mana ba.

Hanyar ramin ce matsalar. Ƙunci gare ta, ba ta ɗaukar kamiyo biyu, manyan motocin nan masu kwasar dutse. Ina zaune da rediyo ina sakinsu ɗai-ɗai, mai kaya yana hawowa, marar kaya yana gangarawa, su yi kiciɓis, dole ɗaya ya ja da baya. Rabin yini a jira yake ƙarewa.

Wancan hutun na yi wa Baba ƙorafi yana sauya wa goronsa ganye. Ko kallona bai yi ba. "Hadiza, lokacin da kakanki yake fataucin goro, bai taɓa sakin jakuna ɗai-ɗai a mashigi ba. Sai ayari ya gama hayewa wani ke shiga." Haushi ya kama ni, wai jakuna. Amma da na koma aiki na gwada: huɗu su gangara tare, su hawo tare.

Shef ya ce watan nan mun cika adadin, ba wanda za a sallama. Alhamdu lillahi, har Usumanu direba, wanda matarsa ke da tsohon ciki, ya tsira. Wai in rubuta tsarin, kuma yana tambayar a wace makaranta na koya.

Na gaya wa Baba. Ya ɓare goro ya miƙo mini rabi. "Ki ce masa hanyar Gwanja."