Igiyoyin da Baba Ya Ciro Daga Tafki

Zuwa ga Yayana,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kana lafiya, kai da mai ɗakinka da yara. Allah ya ƙara rufa asiri. Mu ma lafiya lau. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta koma yi mana faɗa, ka ga kuwa ta warke.

Saƙonka cewa a sayar da kwalekwalen Baba, shi kuma ya koma wurinka da zama, shi ya sa na ɗauki biro. Ka san shekara biyu ke nan da hukuma ta hana kamun kifi a tafki saboda gubar da masana'antar fenti ke zubarwa. An toshe bututun masana'antar, kuma gwamnatinmu da ta mutanen tsallaken tafkin sun haɗa kai suna tsabtace ruwan. Tun lokacin Baba yake zaune a ƙofar gida yana gyaran komar da ba ta yage ba, abinci ma sai an yi da gaske. Wallahi ganinsa haka yana ci min rai.

Wata uku da suka wuce ma'aikata suka nutsar da wasu 'yan kejin ƙarfe a ruwa, kowanne da igiya da jarka a sama. A ciki akwai ƙyallen da ke tsotse gubar, shi za a auna a san ko lokacin buɗe tafkin ya yi. Sun sanar a rediyo, amma ka san Baba da rediyo. Ranar da ya fita gwada ko kwalekwalen na yoyo, sai ya ga igiyoyi babu alamar kowa a jiki. Ya ɗauka kayan wani masunci ne za su lalace. Ya ciro shida, ya wanke su tas da sabulu, ya shanya a katanga yana cigiyar mai su!

Da shugabar ma'aikatan ta gani, riƙe kai ta yi, don aikin ya koma farko. Kawu, da ya ƙosa a buɗe tafkin, ya yi mako bai gai da Baba ba. Baba ya ba ta haƙuri kansa a ƙasa, amma bai fasa gaya mata cewa ai ba a wurin da ya dace suka sa ba, ruwan tsohon bututun ta cikin ciyayi yake kewayawa. Ta ce ya nuna mata. Yanzu shi ke tuƙa ta a kwalekwalensa, kuma shi ke duba igiyoyin kowace safiya.

Na karanta masa saƙonka. Ya ce ya gode, amma yana da igiya goma sha biyu a ruwa, wa zai bar wa? Don Allah Yaya, ka bar maganar nan. Jiya ya dawo jiƙe sharkaf, babu ko kifi ɗaya, ya cinye abincinsa har ya nemi ƙari.

Inna da Kawu da Auta suna gaishe ka. Ka shafa min kan yara.

Ƙanwarka mai surutu